Ƙasar waye? Abin da ya kamata ku sani game da unguwar Witherspoon-Jackson ta Princeton

Princeton ƙaramin gari ne a jihar New Jersey ta Amurka, tsakanin New York da Philadelphia, kuma mazaunansa kimanin 30,000 ne. Jami'arsa ce ta fito da sunansa duniya. Wanda ya fito daga babbar ƙofar jami'ar ya tsallaka titin Nassau, zai faɗa titin Witherspoon da ya miƙa arewa. Bakin titin kantuna ne masu tsada da gidajen cin abinci, amma da an ɗan taɓa tafiya sai gidaje su fara ƙanƙancewa: na katako, jere kusa da juna, kowanne da 'yar barandarsa tana kallon hanya. Nan ce unguwar Witherspoon-Jackson, inda baƙaƙen fatar garin suke zaune fiye da shekara 200.

Unguwar ba ta da girma, gine-ginenta ba su kai 400 ba. Abin da ya sa ta cancanci a tsaya a kanta shi ne, kusan duk filin da ya fita daga hannun mutanenta bisa doka ya fita, da takarda da sa hannu da hatimi.

Yadda ake mallakar fili a can

A Najeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, kuma abin da mutum yake riƙewa izinin zama ne da amfani, galibi na shekara 99. A Amurka ba haka ba ne. Wanda ya sayi fili ya mallake shi ɗungurungum, ba wa'adi, ya bar wa magadansa. Kowane ciniki ana rubuta shi a ofishin magatakardar gunduma, shi ya sa mai bincike zai iya bin fuloti ɗaya daga hannu zuwa hannu har ya kai zamanin mulkin Ingila.

Sai dai mallakar tana da ƙofofi biyu da ba a rufe su. Ta farko, gwamnati na iya karɓe fili don amfanin jama'a ta biya diyya, kamar yadda gyara na biyar na tsarin mulkin ƙasar ya tanada. Ta biyu, harajin gida da fili ana biyansa kowace shekara gwargwadon darajar da hukuma ta yi wa wurin, ba gwargwadon abin da mai gida yake samu ba. Ku riƙe waɗannan biyun, domin ta nan aka shigo wa unguwar daga baya.

Masu ƙasar na farko

Mutanen Lenape ne 'yan asalin wannan yanki. Titin Nassau kansa bisa tsohuwar hanyarsu ya hau, wadda ta haɗa kogin Raritan da kogin Delaware. A 1664 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba ƙanensa James ƙasar, shi kuma ya yanki abin da ke tsakanin kogin Hudson da na Delaware ya ba abokansa biyu, Berkeley da Carteret. Babu wanda ya nemi jin ta bakin Lenape a wannan kyauta. Daga baya Turawa sun riƙa ba su kaya da 'yan kuɗi suna karɓar sa hannu, aka matse ragowarsu a wani keɓaɓɓen wuri mai suna Brotherton a 1758, kuma a farkon shekarun 1800 suka bar jihar. A 1832 wani dattijonsu, Bartholomew Calvin, wanda ya taɓa karatu a kwalejin Princeton ɗin nan, ya rubuta wa majalisar New Jersey yana neman a biya su haƙƙin farauta da kamun kifi da ba su taɓa sayarwa ba. Aka ba su dala 2,000, magana ta ƙare.

A shekarun 1690 wasu iyalai mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker suka sauka a bakin rafin Stony Brook. Ɗaya daga cikinsu, Richard Stockton, ya sayi eka kimanin 5,500 daga William Penn a 1701, wato sama da hekta 2,000. Jikansa mai sunansa yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776. Gidan Stockton na da bayi, kuma su ne suke aikin waɗannan gonaki.

Kwalejin ita ma da fili aka jawo ta. An kafa ta a 1746 da sunan Kwalejin New Jersey, ta zauna a Elizabeth, ta koma Newark. Amintattunta suka ce duk garin da yake son ta sai ya kawo fam 1,000, da eka 10 na shararren fili, da eka 200 na daji don itace. Mutanen garin New Brunswick suka yi sanyin jiki, na Princeton suka cika sharaɗi. Nathaniel FitzRandolph ya ba da eka huɗu da rabi inda aka gina Nassau Hall, ginin kwalejin, ta tare a 1756. Sai a 1896 ta koma Jami'ar Princeton.

Daga bauta zuwa fuloti

Shugabannin kwalejin tara na farko duk sun mallaki bayi a wani lokaci na rayuwarsu. Binciken da jami'ar da kanta ta fitar a 2017 ne ya tabbatar da haka. Da shugaba Samuel Finley ya mutu a 1766, an yi tallan bayinsa shida, mata biyu da namiji ɗaya da yara uku, za a sayar a gidan shugaba da ke cikin harabar. John Witherspoon, ɗaya daga cikin shugabannin, wanda titin ya ci sunansa saboda ta nan yake bi zuwa gonarsa ta Tusculum, shi ma yana da bayi.

New Jersey ce ta ƙarshe a jihohin arewa wajen sakin bauta, kuma a hankali ta sake ta. Dokar 1804 ta ce 'ya'yan bayi da aka haifa bayan 4 ga Yuli na wannan shekara za su 'yantu, amma sai mace ta yi wa ubangidan uwarta aiki har shekara 21, namiji har 25. Iyayen kuwa suna nan a bayinsu. A ƙidayar 1860 ma an samu mutum 18 a jihar da ba su 'yantu ba. Wannan jinkiri yana da nasaba kai tsaye da zancen fili. Saurayin da ya ba wani ƙarfinsa kyauta har ya kai 25, ya fito ba gadon uba ba jari, yaushe zai tara kuɗin fuloti? Ga shi kuma maƙwabcinsa Bature yana zaune a gonar kakansa.

Duk da haka wasu sun saya. Tun a shekarun 1790 wani 'yantacce mai suna Cezar Trent ya mallaki wuri a mahaɗar titin Nassau da Witherspoon, inda yau yake cikin mafi tsada a garin. (Tarihi ba ya zuwa a wanke: shi ma Trent an samu ya mallaki bawa.) 'Yantattu suka riƙa taruwa a wannan layi har Turawan gari suka sa masa suna Layin 'Yan Afirka. Daga shekarun 1830 aka fara yanka gonakin da ke bayan titin Nassau ƙanana-ƙanana, titunan Jackson da Green da Quarry suka fito. Ƙanƙantar fulotan ita ce ta sa mai wanki da mai dafa abinci da mai tuƙa keken doki suka iya saye, kuma ita ce ta ba unguwar kamannin da take da su har yau.

Wanda zai bi takardun wannan zamani zai sha yawo. Kafin a ƙirƙiri gundumar Mercer a 1838, titin Nassau ne iyaka tsakanin gundumomi biyu: kwalejin tana Middlesex, unguwar tana Somerset. Tsofaffin takardun unguwar suna Somerset, sababbi suna Trenton, a gundumar Mercer.

Abin da mutanen suka fara mallaka a tare shi ne coci. An kafa Mount Pisgah a 1832. A 1835 babban cocin Presbyterian na garin ya ƙone. Da aka sake gina shi, sai baƙaƙen mabiyansa suka ga ba a maraba da su, suka kafa nasu a titin Witherspoon a 1840. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Betsey Stockton, wadda aka haifa baiwa, ta 'yantu, ta je aikin mishan a Hawaii a 1823, ta dawo tana koyar da yaran unguwar har ta rasu a 1865. Hatta maƙabartar garin, wadda take kan wannan titi, an ware wa baƙaƙe ɓangarensu.

Me ya sa suka taru a wuri ɗaya?

Saboda aiki yana kusa, kuma sauran gari a rufe yake. Kafin yaƙin basasar Amurka, wajen kashi 40 cikin 100 na ɗaliban kwalejin daga jihohin da ake bauta suke zuwa, kuma garin ya ɗauki ɗabi'unsu. Mutanen unguwar su ne masu dafa wa ɗalibai abinci, masu wanki, masu shara, masu kula da lambu, amma 'ya'yansu ba sa shiga aji a jami'ar. Woodrow Wilson, da ya shugabance ta daga 1902 zuwa 1910 kafin ya zama shugaban ƙasa, a fili yake sage wa baƙaƙe gwiwar neman shiga. Gidajen cin abinci na titin Nassau ba sa zaunar da su. A 1937 ma otal ɗin Nassau Inn ya hana shahararriyar mawaƙiya baƙar fata Marian Anderson ɗaki, sai Albert Einstein ne ya sauke ta a gidansa.

Wariyar nan ta haifar da abin da masu yin ta ba su nufa ba. Tunda masu kuɗi ba sa son zama a wurin, filin ya yi arha, talaka ya iya mallaka. Unguwar ta tsaya da ƙafarta: shagunan aski, kantuna, makaranta, ƙungiyoyin taimakon juna. Ba baƙaƙe kaɗai ba ne. 'Yan Ireland sun zauna, sannan 'yan Italiya, da yawansu daga wani ƙauye mai suna Pettoranello, waɗanda suka zo fasa dutse da gini da aikin lambu a lokacin da jami'ar take faɗaɗa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Amma zama a gida daban, mallakarsa daban, kuma labarin fitaccen ɗan unguwar ya nuna haka. An haifi Paul Robeson, mawaƙi, ɗan wasa kuma ɗan gwagwarmaya, a gida mai lamba 110 a titin Witherspoon ranar 9 ga Afrilu, 1898. Mahaifinsa William Drew Robeson ya gudo daga bauta a North Carolina yana ɗan shekara 15, ya yi karatu, ya zama faston cocin Witherspoon daga 1880. Gidan na coci ne. Da aka tilasta masa ajiye aiki a 1901, gida ya tafi tare da mumbari. Iyalin suka koma titin Green, tsohon fasto ya koma kwashe toka daga gidajen mutane da tuƙa keken doki. Kayan aro dai ba ya rufe katara. A 1907 suka bar garin gaba ɗaya. Shi kuwa gidan na titin Witherspoon ya bi hannuwa daban-daban har cocin ya sake sayensa a 2005.

Dandalin Palmer

Babban gatari na farko ya sauka ne daga hannun wani mai son garin. Edgar Palmer tsohon ɗalibin jami'ar ne da ya gama a 1903, magajin dukiyar kamfanin New Jersey Zinc, kuma shi ya gina wa jami'ar filin wasanta a 1914. Yana ganin bai dace a ce daidai gaban Nassau Hall akwai tsofaffin gidajen talakawa ba. Burinsa dandali irin na garuruwan Turai, da otal da gidan waya da sinima da kantuna. Ya bayyana shirin a 1929, karyewar tattalin arzikin duniya ta tsayar da shi, aka fara aiki a 1936 ta hannun kamfaninsa, Princeton Municipal Improvement.

Wurin da ya zaɓa ba kango ba ne. Titin Baker yana nan cike da iyalan baƙaƙen fata, shi ne ɓangaren unguwar mafi kusa da jami'a. Aka saye filayen, aka rushe wasu gidajen, wasu aka ɗaga su ɗungurungum aka gangara da su zuwa titin Birch, can gefen arewa. Titin Baker ya ɓace daga taswira.

Palmer bai ƙwace wa kowa fili ba, saye ya yi, kuma nan ne ya kamata a lura da kyau. A ciniki irin wannan, da mai takarda ake magana. Ɗan haya, ko ya shekara talatin a gidan, ko a nan ya haifi 'ya'yansa, abin da yake samu sanarwar tashi ce. Shi ma mai takardar, idan baƙi ne, kuɗin da ya karɓa ba za su saya masa gida a duk inda ya ga dama ba, domin dillalai ba za su nuna masa sauran unguwanni ba. A Amurkar wancan lokaci har sharaɗi ake rubutawa cikin takardun gidaje cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, kuma kotuna suna tilasta bin sa, har sai da Kotun Ƙoli ta hana su a 1948. Saboda haka waɗanda aka tasa cikin ragowar unguwar suka cunkushe.

An yi ginin dandalin da salon zamanin mulkin mallaka, da gangan, don ya yi kama da tsoho. Baƙon da ya zo yau zai rantse ya shekara 250, alhali bai kai 100 ba, kuma abin da yake tsoho na gaske shi aka kawar. Bayan mutuwar Palmer a 1943 dandalin ya koma ƙarƙashin jami'ar, ita kuma ta sayar wa 'yan kasuwa a farkon shekarun 1980.

Sai gwamnati ta shigo

Dokar gidaje ta tarayya ta 1949 ta ba garuruwa kuɗi su rushe duk unguwar da suka ayyana a matsayin lalatacciya su sake gina ta, kuma a 1954 Kotun Ƙoli ta ce hakan bai saɓa wa tsarin mulki ba, ko da gidan mutum lafiyarsa lau, muddin yana cikin yankin da aka shata. A garuruwa da yawa unguwannin baƙaƙe ne aka shata: Vinegar Hill a Charlottesville, kusa da Jami'ar Virginia, da Linnentown a Athens, inda Jami'ar Georgia ta gina ɗakunan kwanan ɗalibai a shekarun 1960.

A Princeton titin Jackson ne ya tafi. Daga ƙarshen shekarun 1950 hukumar gari ta sa ido a kansa tana son buɗe hanyar mota a bayan dandalin Palmer. Mazauna sun yi tirjiya, amma a ƙarshe aka kawar da gidajen, aka shimfiɗa sabon titi, iyakar unguwar ta ƙara ja da baya. Daga bisani aka sa wa wannan titi sunan Paul Robeson, wanda ya rasu a 1976. Wato Jackson ɗin da ke cikin sunan unguwar babu shi a ƙasa, kuma hanyar da ta cinye shi tana ɗauke da sunan ɗan unguwar.

A wannan zamanin ne kuma wariya ta fara sassautawa. Sabon tsarin mulkin New Jersey na 1947 ya haramta raba makarantu, Princeton ta haɗe nata a 1948. Dokar tarayya ta 1968 ta haramta wariya a sayar da gida da ba da haya. Wannan ci gaba ne ba shakka, amma ya buɗe ƙofa ta fuska biyu: 'ya'yan unguwar da suka yi karatu suka samu damar fita, masu kuɗi kuma suka lura cewa ga wuri nan tafiyar minti kaɗan daga jami'a da kantuna, mai arha. Tsohuwar makarantar baƙaƙe da ke titin Quarry ta koma gidan kula da tsofaffi, daga baya aka mayar da ita gidajen haya na zamani, aka sa musu sunan Waxwood, sunan tsohon shugaban makarantar.

Haraji, wanda ba ya zuwa da buldoza

Wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar gani, kuma a ganina shi ya fi cin unguwar a wannan zamani. New Jersey tana cikin jihohin da harajin gida ya fi tsada a Amurka, domin da shi ake riƙe makarantu da 'yan sanda da ayyukan gari da na gunduma. Lissafinsa mai sauƙi ne: hukuma ta ƙiyasta darajar gidanka da filinka, ta ɗora kason haraji a kai. Idan maƙwabcinka ya sayar wa ɗan kasuwa, aka rushe ƙaramin gidan aka gina babba aka sayar da tsada, darajar filinka ta tashi a takarda, ko da ko ƙusa ba ka buga ba. Fanshonka yana nan yadda yake, harajinka ya hau.

Haka ya faru a 2010, lokacin da aka sake ƙiyasta gidajen Princeton baki ɗaya karo na farko tun 1996. A cikin waɗannan shekaru 14 darajar ƙananan fulotan tsakiyar gari ta fi ta manyan gidajen attajirai saurin tashi. Da aka sake raba nauyin, sai harajin gidaje da yawa a Witherspoon-Jackson ya yi tsalle, na wasu manyan gidaje a ɓangaren masu kuɗi kuma ya sauka. Masu ƙiyasin za su ce farashin kasuwa suka bi, kuma da gaskiyarsu. Amma tsohuwar da ta gaji gida daga iyayenta ba ta da niyyar sayarwa, farashin kasuwa bai sa mata ko sisi a aljihu ba.

Wanda ya kasa biya, dokar jihar ta ba gari damar sayar da bashin harajinsa ga ɗan kasuwa. Ruwan da ke hawa kan bashin yana iya kai kashi 18 cikin 100, kuma bayan shekara biyu mai riƙe da bashin na iya zuwa kotu neman gidan. Yawanci ba a kai nan. Mutum yakan ga abin ya fi ƙarfinsa ya sayar da kansa, ko ya mutu magada su taru su ga babu mai iya biyan sauran rabonsu ya riƙe gidan, tunda a garin gida na yau da kullum ya haura dala miliyan ɗaya. Sai a sayar a raba kuɗi, kowa ya kama gabansa. A littafin magatakarda, abin da zai fito shi ne ciniki na son rai.

A ɗaya gefen titin Nassau kuwa, gine-ginen karatu na jami'ar ba a biyan musu haraji, domin doka ta yafe wa cibiyoyin ilimi marasa neman riba. Adalci ne a faɗa cewa jami'ar tana biya a kan wasu kadarorinta, har ita ce mafi girman mai biyan haraji a garin, tana kuma ba da gudummawar ganin dama duk shekara. Amma asusun ajiyarta ya haura dala biliyan 30. A 2011 wasu mazauna gari suka kai ƙara suna cewa jami'ar tana samun kuɗin kasuwanci, musamman daga haƙƙin mallakar wani maganin ciwon daji da aka ƙirƙiro a ɗakin bincikenta, tana kuma raba wa malamanta wani kaso, don haka ba ta cancanci yafiyar ba. Masu gidaje daga Witherspoon-Jackson sun shiga ƙarar. A Oktoban 2016, ana dab da fara shari'a, aka sasanta: jami'ar ta amince ta biya sama da dala miliyan 18 cikin shekara shida, miliyan 10 daga ciki don rage wa masu gidaje marasa ƙarfi nauyin haraji, da miliyan 1.25 ga wata ƙungiyar raya unguwar don gyaran gidaje. Yafiyar harajinta kuwa ba a taɓa ta ba, kuma kotu ba ta yanke hukunci a kan asalin tambayar ba.

Waye yake zaune a can yanzu, kuma waye mai takarda?

Tsofaffin iyalan baƙaƙe sun ragu ƙwarai, ko da yake cocinansu suna nan, kuma jikokin da suka watse suna dawowa ibada ran Lahadi. Tun daga shekarun 1980 baƙi daga Latin Amurka, musamman Guatemala da Mexico, suka cika gidajen haya, suna aikin da mutanen unguwar suka saba yi tun asali: ɗakin girki, lambu, gini, shara. Kusa da su kuma ga sababbin masu gida, ma'aikata masu albashi mai kauri. Babban fili ɗaya da ya buɗe shi ne na asibitin garin, wanda ya tashi daga titin Witherspoon a 2012. Aka gina gidajen haya 280 a wurin, kashi ɗaya cikin biyar aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi. Wannan warewa tana da tushe a hukuncin Mount Laurel na kotun ƙolin jihar, na 1975 da 1983, wanda ya wajabta wa kowane gari ɗaukar rabonsa na gidaje masu arha.

A Afrilun 2016 majalisar gari ta ayyana Witherspoon-Jackson a matsayin yankin tarihi, na 20 a Princeton. A jira har na 20 ma ya isa abin tambaya, ga unguwar da ta haura shekara 200. Ƙoƙarin 'yan unguwar ne ya kai ga haka, a gabansu Shirley Satterfield, wadda iyalinta suka yi zuriya shida a garin, ta kuma shafe shekaru tana zagayawa da mutane tana nuna musu inda kowane abu yake a da. Ma'anar ayyanawar ita ce, ba a rushe gida ko a sauya fuskarsa sai da izinin hukumar adana tarihi. Wasu masu gidaje sun yi adawa, suna ganin an rage musu abin da za su samu idan sun tashi sayarwa, kuma ba za a ce ba su da hujja ba: mutumin da aka hana kakanninsa tara dukiya, yanzu da filinsa ya yi daraja an ce masa ya dakata.

Ayyanawar tana kare katako da baranda da faɗin fuloti. Ba ta taɓa farashi, ba ta taɓa haraji, ba ta kuma ce ga wanda zai zauna a ciki ba. A farkon 2024 jami'ar ta sanar da sabuwar gudummawa ta sama da dala miliyan 50 ga garin cikin shekara biyar, har da kimanin miliyan 10 na rage harajin masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kuɗin na ganin dama ne, wa'adinsu shekara biyar, kuma rangwamen haraji mai takardar gida yake bi. Ɗan hayan da mai gida ya ƙara wa kuɗi don ya cike harajinsa, sai dai ya biya ko ya nemi wani gari.